Jami'ar Bayero da Malamin Firamare: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Reshe

 

An nemi mu yi bayani a kan Jami'ar Bayero ta Kano. Akasarinmu daga kwalejin ilimi muka fito da takardar NCE, kuma da yawanmu iyakar saninmu da wannan jami'a shi ne hango ƙofarta ta tagar mota a kan titin Gwarzo. Duk da haka muna da haƙƙin yin magana a kanta, domin a cikin makarantar horar da malamai aka haife ta.

A shekarar 1960 aka buɗe Kwalejin Ahmadu Bello a harabar Makarantar Nazarin Larabci, wato SAS, a cikin birnin Kano. Ita SAS ta samo asali ne daga makarantar koyon shari'a da aka kafa a 1934, kuma ta daɗe tana yaye alƙalai da malamai. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sai aka sauya wa kwalejin suna zuwa Kwalejin Abdullahi Bayero, don tunawa da Sarkin Kano da ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, ta kuma zama reshen jami'ar ta Zariya. A 1964 ta koma wani tsohon otal kusa da filin jirgin sama, inda ta fara karatun digiri da ɗalibai 10 kacal. Ku dubi wannan adadi, 'yan uwa: ba su kai yaran da ke zaune a layi ɗaya na ajin wasunmu ba. A 1966 suka kammala. A 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, kwalejin ta tare a mazauninta da ke wajen ganuwa, tsakanin Ƙofar Kabuga da Dukawuya, wanda a yau muke kira Tsohuwar Jami'a. Ta zama kwalejin jami'a a 1975 a ƙarƙashin Dokta Mahmud Tukur, sannan cikakkiyar jami'a a 1977. Daga baya aka gina Sabuwar Jami'a can gaba da Rijiyar Zaki.

Abin da ya fara da Larabci da addini da tarihi da harsuna, yau ya haɗa shari'a, aikin injiniya, noma, aikin jarida da likitanci, inda ɗaliban likita ke koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Abu biyu za mu ware domin sun shafe mu kai tsaye. Na farko Ƙamusun Hausa da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta jami'ar ta fitar a 2006, wanda ya kamata a ce kowace makarantar firamare tana da kwafi ɗaya aƙalla a ofishin hedimasta. Na biyu Gidan Mambayya da ke Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, wanda yanzu cibiyar bincike ce ta jami'ar. Malam Aminu ya riƙe alli kafin ya shiga siyasa, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Ashe gidan ɗan ƙungiya irinmu ne jami'a take riƙo.

To, ina matsayinmu? Mai NCE da sakamako mai kyau yana iya neman shiga kai tsaye ta hannun hukumar JAMB, ya fara daga shekara ta biyu a Tsangayar Ilimi, ya sami digiri cikin shekara uku idan komai ya tafi daidai. Akwai kuma karatun da ake haɗawa da aiki, ga wanda ba zai iya barin aji ba. A tsarin aikin gwamnati mai NCE yakan fara ne a mataki na 7, mai digiri a mataki na 8, kuma tazarar tana bin mutum har ranar lissafin fansho. Amma ba albashi kaɗai muke hange ba. Malamin da ya zauna a gaban masana harshe ya koyi yadda yaro ke fara haɗa baƙi da wasali, ba zai koma aji ɗaya ya koyar kamar jiya ba.

Sai dai ƙofa a buɗe daban, ikon shiga daban. Cikinmu akwai waɗanda suka sami gurbi har sau biyu suka bar shi ya wuce, saboda takardar neman izinin ƙaro ilimi ta kwanta a wani tebur har aka rufe rajista. Akwai malamai mata da suka haƙura domin ba mai riƙe musu yara. Akwai waɗanda suka tafi ba izini, suna raba ƙafa tsakanin lacca da aji, har ɗaliban biyu suka cutu, wato shi da yaran da ya bari. A ganinmu wannan na ƙarshe ba abin da ƙungiya za ta kawar wa kai ba ne, kuma ba abin da za ta la'anta ba tare da ta samar da mafita ba.

Ga iyaye masu 'ya'ya a can, ko masu shirin turawa, rayuwar ɗalibi ba ta tsaya a kuɗin rajista ba, wanda shi ma aka ƙara a 2023. Ɗakunan kwana ba sa isar kowa, don haka da yawa suna haya a Danbare da Rimin Gata da Janbulo, ko su riƙa zuwa daga gida a bas da adaidaita sahu. Ga kuɗin buga takardu, ga na abinci. Ga kuma yajin aiki: na 2022 ya ci wata 8, yaranmu suna zaune a gida. Ba mu ne za mu zagi malamin da ya ajiye aiki don neman haƙƙinsa ba, mun san zafin abin. Amma mun ga yadda wasu samari suka shiga kasuwa a waɗannan watanni ba su sake komawa ba. Tun 2024 akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND. Iyaye su zauna da 'ya'yansu su karanta sharuɗɗansa kafin a cike, domin bashi ne, ba kyauta ba.

Kada kuma mu manta cewa sai da kiredit 5, har da Turanci da Lissafi a mafi yawan fannoni, ake shiga. Yaron da ya bar aji uku bai iya karanta jimla ba, da wuya sakandare ta ɗinke masa wannan ɓaraka. Tantancewar farko ta shiga Bayero a hannunmu ake yin ta, a ajin da babu kujera.

Saboda haka muna roƙon shugabannin reshe abu uku. A tattara sunayen masu NCE da ke son ƙaro ilimi, da fannin kowa da shekarunsa a bakin aiki. A kai wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma jadawalin tafiya bi da bi, yadda ba makarantar da za ta rasa malamai biyu a lokaci guda, kuma ba wanda za a tsallake don ba shi da uwa a gindin murhu. Sannan a buɗe adashi na musamman don kuɗin fom da rajista, 'yan uwanmu mata su kasance cikin masu riƙe shi. Sakatare yana da takarda a bakin ƙofa, mai bukata ya rubuta sunansa kafin ya fita.