Rabin Kilon Nama, Baki Takwas: Jawabin Kwamitin Mata A Taron Wata



Maganarmu ta yau a kan tukunya take. Kowa ya sani mazanmu ne ke sauko da shanu daga Arewa zuwa nan Kudu, su ne a kara, su ne a mahauta. Amma a gidaje da yawa na unguwar nan sai an ƙirga yanka kafin a raba miya. Ga kuma yaranmu da aka haifa a nan, sun ga abincin waje a waya da talabijin, kuɗi kaɗan ya shiga hannunsu sai kantin abinci, su kashe na cefanen kwana biyu a zama ɗaya. To, in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Shi ya sa muka gwada wani girki na mutanen Meziko da zai sa rabin kilon nama ya ishi mutum takwas, yara kuma su ji sun ci baƙon abu a gidan ubansu.

Sunansa encilada, wato abin da aka sa wa barkono. Ginshiƙinsa wata siririyar gurasa ce da suke kira totiya. Asali naɗe nama ake yi a cikinta, amma a gidajen Amurka sukan jera ta hawa-hawa da nama da cuku a gasa gaba ɗaya. Wannan muka ɗauka, don ya fi sauƙi.

Kada a ce baƙon abinci ne sosai. Masarar da muke tuwo da ita, a kudancin Meziko aka fara nomanta, wajen shekara 9,000 da suka wuce. Tumatir da barkono ma daga nahiyar Amurka suka zo mana. Su kuma ba su da saniya ko cuku sai da Turawan Sifen, waɗanda suka ci babban birninsu da yaƙi a 1521, suka kai musu. Kun ga kusan duk kayan suna cikin madafinmu tuntuni.

Mu fara da totiya. Tasu ta gargajiya da masara ake yi, wadda aka dafa da toka ko farar ƙasa kafin a niƙa, shi ke sa ƙullun ya yi danƙo. Garin tuwonmu ba zai kama haka ba, karyewa zai yi. Don haka mu bi mutanen arewacin ƙasar, masu yin tasu da fulawa. A sami fulawa kofi 3, gishiri kaɗan, man gyaɗa cokali 3, ruwan ɗumi kofi 1. A kwaɓa, a murza har ya yi laushi, a rufe shi minti 30. Ba a sa yis. A raba gida 12, a murza kowanne da kwalba ya yi falan-falan, a gasa a busasshen kasko, kowane gefe ƙasa da minti 1. Da an sauke a lulluɓe da tsumma mai tsabta don kada ta bushe.

Sai nama. A zaɓi rabin kilo marar kitse da yawa, a tsaya a niƙa shi a gaban ido, ko a daddatsa a gida. A soya albasa 2 da tafarnuwa, a zuba naman ana farfasa shi da ludayi har jan ya ɓace gaba ɗaya. A nan muna roƙon a kula. Niƙaƙƙen nama ba kamar tsoka ba ne, ƙwayar cutar da ke bayan naman niƙa kan kai ta har ciki, saboda haka dole ya dahu sosai, kuma a dafa shi ranar da aka niƙa, musamman da yake wutar lantarkinmu ba abin dogaro ba ce. In ya dahu a zuba dafaffen wake kofi 2. Waken nan shi ne sirrin aukin, kuma mutanen Meziko ma da wake suke cin abincinsu.

Miyar kuwa tamu ce ta kullum: tumatir 6, tattasai 3, attaruhu gwargwadon bakin yara, a markaɗa a soya da gishiri da kayan ƙamshi. Sai dai a bar ta da ɗan ruwa-ruwa, don totiya za ta sha.

Yanzu maganar cuku, inda muka fara yin kuskure. Ranar gwajin farko wara muka saya, cukun Fulani da ake talla a nan ƙasar Yarbawa, muka zuba a sama muna jira ya narke. Har ƙasan abincin ya kama, wara na nan daram. Dalili shi ne da ruwan tumfafiya ake ɗaure madarar, sannan a dafa ta, irin wannan cuku ba ya narkewa. Mai narkewa shi ne na kanti, ceda ko mozarela, shi kuma da tsada. Dabarar da muka samu ita ce a marmasa wara a cikin naman, a goga giram 150 na kanti a saman kawai. Ido ya gani, baki ya ji, aljihu bai yi kuka ba.

Sai jeri. A shafa miya a ƙasan faranti mai zurfi, a shimfiɗa totiya, a zuba nama da wake, a ƙara miya. A maimaita sau 3, a rufe da totiya da sauran miya, cuku a sama. Mai obin ta gasa a zafin digiri 180, minti 20 zuwa 25. Wadda ba ta da shi ta yi yadda muke gasa kek ɗin biki: babbar tukunya, yashi a ƙasa, faranti a kai, a rufe, garwashi sama da ƙasa. In an sauke a ba shi minti 10 kafin a yanka, in ba haka ba rushewa zai yi.

Gargaɗi ɗaya ga masu son sayen totiyar leda ko waken gwangwani na waje. A girkinsu na gargajiya sukan sa kitsen alade a cikin biyun nan. A karanta abin da aka rubuta a jiki, in yaro ne ya fi iya Turanci a ba shi ya karanta. Wadda aka murza a gida dai ta fi kwanciyar hankali, ta kuma fi araha.

Ba mu ce a bar tuwo da miyar kuka ba, su ne gida. Sau ɗaya a wata ya isa, a sa yara mata da maza su yi murzar, su san cewa abin da suke sha'awa a waje hannun uwarsu ya iya shi. Gani ya kori ji, mun zo da faranti biyu, suna can baya. Iyayenmu su fara ɗanɗanawa, su faɗa mana gaskiya ko da ba daɗi.

Allah ya sa albarka a tukwanenmu, ya mai da kowa gida lafiya.