Kundin Digiri Na Biyu A Sashen Turanci: Ina Gizo Ke Saƙa?



Mu da aka ɗora wa nauyin duba kundayen digiri na biyu a Sashen Turanci muna da wata matsala tamu ta kanmu. Ga ɗalibin kimiyya, Turanci kayan aiki ne kawai. Ga namu kuwa, shi ne fartanya, shi ne kuma gonar da ake nomawa. Saboda haka da zarar an kawo mana babi na farko, sai mu ɗauki jan biro mu hau gyaran nahawu, shafi bayan shafi, har mu mance da tambayar da ta fi kowacce nauyi, watau me ɗalibin nan yake so ya gano?

Sau da yawa babu amsa, domin take ya kawo, bai kawo tambaya ba. Sai ka ji ya ce zai yi nazarin "Things Fall Apart" na Chinua Achebe, wanda tun fitowarsa a 1958 masana ke ta rubutu a kansa. Alhali kuwa ga "Shaihu Umar" na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Mervyn Hiskett ya mayar Turanci a 1967. Wanda ya ji harsunan nan biyu yana iya ɗaukar babi guda, ya jera asali da fassara, ya nuna mana abin da ya tsira da abin da ya salwanta. Wannan ita ce tambaya.

Gyaran nahawun ma, da wane ma'auni muke yinsa? Tun 1971 Ayo Banjo ya kasa Turancin da ake yi a Nijeriya kashi 4. A 1982 Munzali Jibril ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Lankasta ta Ingila a kan bambancin lafazin Turancin ƙasar nan. A 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Nijeriya, har da "Kannywood". To, lalle ne malami ya bambance kuskure da salon gida, su kuma daidaita da ɗalibinsa tun ranar farko.

Mu ma fa muna da namu laifin. Ɗalibai sun yi wa kowannenmu yawa, babi yakan kwana wata da watanni a aljihun tebur, ga yajin aiki irin na 2022 da ya cinye wata 8. Mai jira ya gaji, sai ya nemi gajeriyar hanya: da, kwafe tsohon kundi ake yi, yanzu kuwa na'ura ake sa wa ta rubuta. Turanci ya fito tas, amma ranar jarrabawar baka, mai jarrabawa na waje ya yi tambaya guda, mai kundi ya yi tsuru-tsuru.

Roƙonmu gare ku biyu ne. Ku zo mana da ƙaramar tambaya wadda za ku iya faɗa da Hausa a jimla ɗaya, ku kuma kawo rubutun hannunku ko da kurakurai, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu kuma ku riƙe mu da alkawarin ranar da za mu mayar muku da kowane babi.

Allah Ya ba mu sa'a. Wassalam.