JAWABI GA ƳAN ƘUNGIYA KAN KAI IYALI TAFKIN GIDIMUNI

 

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, sanyi ya sauko. Saboda haka muka ga ya dace mu kai iyalanmu su wuni a bakin tafkin Gidimuni. Yaranmu da yawa sun san rake da lambunan Matamaye, amma ba su taɓa ganin babban ruwa da masunta a kansa ba.

Ga hanya. Za mu tashi bayan sallar asuba, mu bi ta Takeita zuwa Damagaram, mu wuce Mirriya. Gidimuni tana gabas da Damagaram da wajen kilomita 70, a kan babbar hanyar Gure. In mun isa, sai mu fara gaida shugabannin gari, mu miƙa masu raken garinmu. Baƙo ba ya shiga lambun mutum sai da izini.

Tafkin nan ba ƙaramin wuri ba ne. A shekarar 2019 aka sa shi cikin wuraren ruwa da duniya ke kiyayewa, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Da hantsi yara su zaga lambuna da gonakin dabino tare da malaman lakwal, su ga yadda ake ban ruwa. Su tsaya wajen masunta su koyi bambanta tarwaɗa da karfasa. Su ƙirga belbela da zalɓe da agwagin ruwa, don a wannan lokaci har daga Turai tsuntsaye ke zuwa gudun sanyi. A nuna masu kacalla, ciyawar nan mai cinye bakin ruwa, wadda ke damun tafkunanmu na Korama su ma. Bayan azahar a shimfiɗa tabarmi a inuwa, a ci dambu, a sha fura. Dattawa su yi dara, samari su yi langa, ƴan mata su yi gaɗa.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace nauyi. Ba yaron da zai shiga ruwa. Dalili biyu ne. Na farko, gindin tafki laka ce, tana riƙe ƙafa, kuma yaro yakan nutse ba tare da an ji kukansa ba. Na biyu, tsargiya. Tsutsarta tana girma cikin ƙananan dodon koɗi na ruwan da ba ya gudu, ta huda fatar mai wanka, bayan makonni a ga jini cikin fitsari. Wanda ya ga haka ga ɗansa ya kai shi likita, akwai magani. Ruwan sha kuwa mu ɗauko shi daga gida cikin jarka.

Kowane babba a ba shi yara biyar, ya san sunansu, ya ƙirga su wajen sauka da wajen hawa mota. Kada mu bar leda ko ɗaya a ƙasa, dabbobin mutane na cinye ta su mutu. Da la'asar mu kamo hanya.

Mai son zuwa ya rubuta sunan iyalinsa wajen magatakarda, ya kai kuɗin mota wajen ma'aji.

Allah ya kai mu lafiya, ya maido mu lafiya. Wassalamu alaikum.