Ina Takardunmu Suke Kwana? Jawabi a Taron Reshe, Ƙofar Rini



Babu wanda ke zaune a nan da bai taɓa bin layin tantance ma'aikata ba. Mun miƙa takardar ɗaukar aiki da lambar BVN da ta NIN, mun dangwala yatsa, an ɗauke mu hoto. Ba mu ƙi ba, domin mu ma muna son a kakkaɓe ma'aikatan bogi. Abin da ba mu saba tambaya ba shi ne, bayan an watse, ina takardun nan suke kwana, kuma idon wa ke ganinsu?

Mun ga jadawalin albashi, da sunan kowa da bashin da ake cire masa, yana yawo a zauren WhatsApp. Mun ga wata 'yar'uwarmu ta kai takardar likita tana neman hutun jinya, kafin mako ya zagayo har dangin mijinta sun ji ciwon da take ɓoyewa. Ba a kore ta ba, ba a rage mata ko kwabo ba, amma ta daɗe ba ta iya ɗaga kai a ɗakin malamai. Mu da ke taro a ƙofar da ke ɗauke da sunan rini mun san cewa in baba ya kama zane, wanki ba ya mayar da shi fari.

Doka ba ta bar mu haka ba. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta waya. A watan Yunin 2023 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ce a karɓi bayani don wata manufa bayyananniya, kada a karkatar da shi zuwa wata dabam, kada kuma a tara fiye da buƙata. Ta ware wasu bayanai da ke neman tsaro na musamman: lafiya, da zanen yatsa, da addini, har da kasancewar mutum ɗan ƙungiyar ƙwadago. Malami yana da ikon ya nemi sanin abin da aka adana a kansa, ya sa a gyara kuskure. In bayanai suka fallasa ta yadda za su cutar da masu su, wajibi ne wanda ke riƙe da su ya sanar da hukumar cikin awa 72. Rikicin da ya shafi aiki kuwa, hurumin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ne.

Sai dai kafin mu nuna wa ofis yatsa, mu duba tafin hannunmu. Sau nawa muka ɗauki hoton sakamakon ɗalibi muka watsa don raha? Jerin sunayen membobi da ke hannun wannan reshe, shi ma yana cikin abin da dokar ta tsare, kuma mu ne za a tuhuma in ya ɓalle.

Saboda haka muna ba da shawara, daga yau takardar jinya ta tafi cikin ambulan a rufe, hannu da hannu. Wanda aka fallasa bayaninsa kada ya goge saƙon don fushi. Ya adana shi, ya rubuta ranar da ya gan shi, ya kawo wa sakataren reshe ƙorafi a rubuce.