Taba da farin zanen da ke cikin kunci



Ranar kasuwa a Filinge, dubi teburin mai sigari, sannan dubi dattijon da ya cusa garin taba da kanwa a kunci tun hantsi. A ƙasar Kurfai mun saba da su duka biyun, har ba mu ganin aibunsu.

Akwai wani ciwo da likitoci ke kira likin filanus na baki. Yakan fito da fararen zane-zane sirara cikin kunci ko gefen harshe, wani lokaci wurin ya yi ja, ya tsage, har tuwo da miyar yaji su gagari mutum. Ba a ɗaukarsa daga wani. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa fatar baki. Taba ba ita ce tushensa ba, amma zafin hayaƙi da kaifin kanwa suna ƙara tsokanar wurin. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ciwo cikin waɗanda kan iya rikiɗewa su zama kansa, ga shi kuma taba ita kanta tana haddasa kansar baki.

Tun shekarar 2006 Nijar ke da dokar yaƙi da taba, sai dai doka ba ta leƙa bakin kowa. Malam, Hajiya, in farin tabo ko gyambo ya wuce sati biyu bai warke ba, a ajiye tabar, a je asibitin Filinge. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura mutum Yamai wurin likitan baki da haƙori.