Ruwan Zaƙin Masara da Sukari: Wanne Ya Fi Cutarwa?

Yau za mu yi magana a kan zaƙi. Kowa ya san sukari, ya san zuma, ya san mazarƙwaila da ake yi da ruwan rake. Amma akwai wani zaƙi wanda yawancinmu ba mu taɓa gani da ido ba. Da masara ake yinsa, mutanen Amurka kuwa sun fi kowa amfani da shi. Mu kira shi ruwan zaƙin masara.

Ga yadda ake yi. A jiƙa masara, a niƙa, a tace, kamar yadda mata kan fid da gasara. Sa'an nan a zuba wa gasarar wani sinadari, ta narke ta zama wani zaƙi, sunansa gulukos. A ƙara wani sinadarin, sai wani kashi na gulukos ɗin ya juye ya zama furuktos, wanda ya fi shi zaƙi. Masana biyu a Amurka suka gano wannan dabara a 1957, daga baya aka gyara ta a Japan. A 1984 kamfanonin Coca-Cola da Pepsi na Amurka suka koma zuba shi a lemonsu maimakon sukari. Dalili kuwa araha. Masara ta yi yawa a can, gwamnati tana taimakon manomanta, sukarin waje kuma an ƙayyade shigowarsa har ya yi tsada.

To, cikin shekarun nan ne ƙiba ta yawaita a Amurka ƙwarai. Mutane suka ce, ai ga mai laifi, ruwan zaƙin masara ne. Har yau waɗansu kan nemi lemon da aka yi da sukarin rake, wai ya fi lafiya.

Mu duba mu gani ko haka ne. Sukarin da muke sa wa shayi, rabinsa gulukos ne, rabi furuktos. A haɗe suke, amma da isarsu hanji sai su rabu. Ruwan zaƙin masara da ake sa wa lemo, kashi 55 cikin 100 furuktos ne. Irin wanda ake sa wa burodi da biskit, kashi 42. Kun ga 50 da 55, tazarar ba ta taka kara ta karya ba. A 2008 ƙungiyar likitocin Amurka ta duba maganar, ta ce da wuya ya fi sukari sa ƙiba. Ga kuma wata shaida: tun daga 1999 Amurkawa suka fara rage shansa, duk da haka ƙiba ta yi ta ƙaruwa.

Kada fa wani ya tashi daga nan ya ce malamai sun wanke shi. Ba mu wanke shi ba. Cewa muka yi shi da sukari jirgi ɗaya ya kwaso su.

Gulukos, duk jiki na amfani da shi. Furuktos kuwa yawancin aikinsa a kan hanta yake faɗuwa. Idan kaɗan ne, ba laifi. Idan ya yi yawa kullum, sai hanta ta mai da shi kitse, wani ya zauna cikinta, wani ya shiga jini. Yawan shan zaƙi yakan jawo ƙiba, da ciwon sukari, da ciwon zuciya. Haƙora kuma su ruɓe, musamman na yara. Abin da ya fi ɓarna shi ne zaƙin da ake sha. Mutum ya ci tuwo ya ƙoshi, ya janye hannu. Amma lemon kwalba ba ya ƙosarwa, sai ya sha ya kuma ci tuwonsa bai rage ko loma ba.

Zuma fa? Mun san darajarta, amma ita ma gulukos da furuktos ne yawancinta, a lissafa ta cikin zaƙi. Mangwaro da gwaba da lemon zaƙi su ma da furuktos, sai dai yana tare da ruwa da zare-zaren da ke rage saurin shigarsa jini. A ci su yadda suke, ya fi a matse a sha.

Yanzu ku ɗauko alli mu yi lissafi. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, wadda ga babban mutum ta kama kamar giram 50 na zaƙi a yini, watau ƙaramin cokali 12. Idan an tsaya a 6 ya fi kyau. Cokali ɗaya giram 4 ne. Kwalbar lemo matsakaiciya, irin baƙin nan, tana da wajen cokali 9. Ka sha shayi da safe da cokali 3. Nawa ke nan? 12. Ba a ko taɓa kokon da aka sa wa sukari ba, balle alewa.

Tun da kun iya karanta lambobi, ranar aji mai zuwa kowa ya zo da kwalba ko gwangwanin lemo wanda aka shanye. Za mu nemi inda aka rubuta giram nawa na sukari ke ciki, mu raba da 4, mu ƙirga cokulan a kan faranti kowa ya gani.