Uwargida, Ki Sa Waya Ta Yi Miki Lissafin Awara

Gaisuwa ta musamman ga masu saurarenmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Yau maganar waya za mu yi, amma ba ta hira da kallon hotuna ba. Maganar yadda za ki ba ta umarni da hannunki ne, ta bi, kina zaune a ɗakinki, ba ki ko leƙa zaure ba.

Kwamfuta, da wayar nan ta shafa da ke hannunki, ba su jin Hausa, ba su jin Turanci. Suna da nasu harsunan da ake ba su umarni da su. Wanda za mu fara da shi sunansa Python. Wani mutumin ƙasar Holan, Guido van Rossum, shi ya fito da shi a 1991, kuma kyauta ne. Ma'anar sunan da Turanci mesa, amma kada gabanki ya faɗi, daga sunan wani wasan barkwanci na talabijin a Ingila ya ɗauko shi.

Me ya sa na zaɓi wannan? Ku mutanen yankin nan ba sai an gaya muku ba. A watan Satumba na 2021 an datse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da naku ukun nan, sai daga baya aka maido. Karatun da sai da intanet kullum, ranar da sabis ya ɗauke ya tsaya ke nan. Wannan kuwa sau ɗaya kike buƙatar data. Ki shiga Play Store a wayar Android, ki nemi manhajar da ake kira Pydroid 3, ki sauke ta. Tana ɗan cin data, saboda haka ki bari sai lokacin da sabis ya yi ƙarfi, wayar kuma da caji. Da ta sauka, shi ke nan, ko babu sabis tana aiki. Ƙaramar waya mai tocila ba za ta yi ba. In wayar maigida ce ko ta ɗanki, ki nemi izini tukuna, ki kuma faɗi abin da za ki yi da ita, kada a zo ana cewa wa ya cika waya da tarkace.

In kin buɗe za ki ga fili babu komai, kamar allon da aka wanke. Ki rubuta wannan layin yadda yake:

print("Sannu uwargida")

Kalmar print na nufin nuna mini. Bakan nan biyu da alamar zancen da ke ciki duk dole ne. Sai ki danna maɓallin nan mai ruwan ɗorawa da ke ƙasa. Fuskar wayar za ta yi baƙi, ki ga gaisuwarki ta fito. To kin ba na'ura umarni ta bi.

Nan fa mutane da yawa ke tuntuɓe. Wayoyinmu sun saba mai da harafin farko babba da kansu, sai ta rubuta miki Print da babban baƙi. Python ba ta san wannan ba, sai ta watso miki Turanci mai tsawo, a ƙarshensa ki ga NameError. Wallahi ba ki lalata komai ba. Cewa take ba ta gane sunan ba. Ki duba layin ƙarshe na ƙorafinta, da lambar layin da ta ambata, ki gyara harafin, ki sake dannawa. In kuma kin manta rufe baka ko alamar zance, SyntaxError za ta ce. Ita haka take, kamar uwar miji mai ƙa'ida, ɗigo ɗaya ba ta yafewa, amma ba ta riƙo.

Yanzu ga aikin gaske. Mu ɗauki mai awara. Da yawanmu yarinya na dawowa daga talla, mu juye kuɗi a gwangwani, a cire na cefane, a cire na sabulu, bayan wata biyu a nemi jari a rasa. Ba sata aka yi ba, uwar kuɗi aka ci ba a sani ba. A ce ga abin da kika kashe yau, kuɗin misali ne kawai, ke ki sa naki:

wake = 2500
nika = 300
mai = 1200
itace = 400
yaji = 300
ciniki = 6000
jari = wake + nika + mai + itace + yaji
riba = ciniki - jari
print(riba)

Kin ga duk sunayen nan Hausa ce. Kowane suna kamar kwano ne da kika liƙa wa takarda, kika zuba lamba a ciki. Na'ura ba ruwanta da wane harshe kika raɗa wa kwanonki suna, ko niƙa kika rubuta da ƙ mai lanƙwasa za ta karɓa, muddin yadda kika rubuta a sama haka kika rubuta a ƙasa. Ki danna, za ta nuna miki 1300. Abu ɗaya, kada ki sa waƙafi a cikin kuɗi. 2500 za ki rubuta a haɗe, in kika raba shi da waƙafi sai ta ɗauka lambobi biyu kike nufi, lissafi ya rikice. Ki lura kuma wannan karon babu alamar zance a cikin bakan. In kika sa, kalmar riba za ta nuna miki, ba kuɗin ba.

Wata za ta ce, haba, wannan ai ko da ka zan yi shi. Gaskiya ne, mai awarar da ta shekara goma ta fi waya sauri. Amma gobe in mai ya tashi, lamba ɗaya za ki canza, sauran duk su gyara kansu. Kafin ki jiƙa wake ma kin san ko yankan jiya zai fitar da ke, ko sai kin rage. Kina iya ƙara mata layi biyu ta riƙa yi miki gargaɗi:

if riba < 0:
    print("Yau an ci uwa")

Wato in riba ta gaza sifili, ta faɗa miki. Layi na biyu dole ya ɗan shige ciki, kamar tazara huɗu, kuma kada ki manta ɗigo biyun nan na ƙarshen layin farko. Da wannan shigewar take gane abin da ke ƙarƙashin sharaɗin.

In kin gama ki adana shi, ki sa masa suna riba.py, don gobe ki buɗe abinki. Mai ƙuli-ƙuli ta sa gyaɗa a gurbin wake. Uwar adashe ta gwada nata, yawan 'yan zubi sau kuɗin zubi, alamar tauraro ita ce sau.

Sai 'ya'yanmu mata. Tun bayan ɗibar ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020, iyaye da yawa hankalinsu bai kwanta da makarantar kwana ba, wasu yaran karatunsu ya katse. Wannan ba zai maye gurbin makaranta ba, kada wani ya ce miki zai yi. Amma yarinyar da ta iya karatun boko daidai gwargwado, ku zauna tare bayan la'asar, ita ta danna, ke ki faɗi farashi. Sau da yawa ita za ta riga ki gano inda bakan ya ɓace. Kuma duk wanda ya ce ki turo kuɗi ta WhatsApp zai mai da ke injiniya a mako biyu, ki riƙe kuɗinki. Duk abin da muka yi yau, in ban da data, ko kwabo bai ci ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ga yadda za ta riƙa tambayarki kuɗin wake da kanta, ki ba ta amsa, maimakon ki riƙa goge lamba. Kafin nan kowa ta tabbata gaisuwarta ta fito a baƙin allon nan. A gaida yara. Wassalamu alaikum.